Kwamfutar kwantum: gwamnatoci na neman gogaggun masana fizik, amma sai an duba fasfo

Ranar 7 ga watan Oktoban 2025 aka bayyana sunayen mutum uku da suka ci kyautar Nobel ta fizik: John Clarke, Michel Devoret da John Martinis. An karrama su ne kan gwaje-gwajen da suka yi a jami'ar Berkeley ta Amurka a shekarun 1984 da 1985, inda suka nuna cewa ƴar da'irar lantarki da mutum zai iya riƙewa a tafin hannu tana iya bin ƙa'idojin kwantum, wato dokokin da a da ake ɗauka ƙananan ƙwayoyin zarra kaɗai ke tafiya a kansu. Da yawa daga cikin kwamfutocin kwantum da ake ƙerawa yau a kan wannan binciken suka ginu.

Kafofin labarai sun fi karkata ga alaƙar biyu daga cikinsu da kamfanin Google. Abin da bai samu yayatawa ba shi ne inda mutanen biyu suka goge. Devoret ya shafe kusan shekara 20 a cibiyar Saclay ta hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, CEA, kafin ya koma jami'ar Yale a 2002. Martinis kuma ya yi sama da shekara 10 a hukumar ma'auni da fasaha ta gwamnatin Amurka, NIST, kafin ya koma jami'a a 2004, Google ya ɗauke shi a 2014. Gwamnati ce ta riƙa biyan su albashi a lokacin da ƴan kasuwa kaɗan ne ke sa kuɗinsu a wannan fanni.

Yau lamarin ya sauya. Gwamnatocin manyan ƙasashe na neman irin waɗannan masana ido rufe, kuma suna gogayya da kamfanoni a kansu. Sai dai dalilin da ya sa suke zuba kuɗi, wato tsaro, shi ne kuma ke sa suna ƙara tsananta tantance wanda zai shiga. Ga masanin fizik ɗan Afirka da ke zaune a waje, tambayar ba ta tsaya kan ko ya iya aikin ba. Takardar da ke aljihunsa ma tana da nata hukuncin.

Abin da ya sa gwamnatoci suka shigo

Kwamfutar da aka saba da ita tana aiki da ƙwayar bayani da ke zama ko 0 ko 1. Ta kwantum tana aiki da abin da ake kira kubit, wanda ke iya kasancewa cikin gaurayen halin biyu har zuwa lokacin da aka auna shi. Wannan ba ya nufin za ta fi ta yau sauri a komai. Akwai dai wasu ƴan lissafe-lissafe da take da hanyar warware su wadda ta yau ba ta da ita.

Ɗaya daga cikinsu ne ya tayar da hankalin hukumomin tsaro. A 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai isasshen ƙarfi za ta iya gano lambobin da aka ninka aka samar da wata babbar lamba cikin ɗan lokaci. Wahalar wannan lissafin ce ke tsare tsarin RSA, kuma dabarar ta Shor na karya sauran makullan sirri irinsa da bankuna, saƙonnin waya da ma'aikatun gwamnati ke dogaro da su. Har yanzu babu na'urar da ta kai wannan matsayi. Amma hukumomin leƙen asiri na iya tara saƙonnin da aka kulle a yau su ajiye, su jira ranar da na'urar za ta samu su buɗe. Wanda ya riga kowa zai karanta sirrin abokan hamayyarsa na shekaru masu yawa.

Daga nan kuɗin suka fara fitowa. A watan Disamban 2018 Amurka ta kafa dokar shirin kwantum na ƙasa da kimanin dala miliyar 1.2 na shekara biyar, kuma a 2020 ma'aikatar makamashinta ta buɗe cibiyoyin bincike biyar a ƙarƙashin ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasa: Argonne, Brookhaven, Fermilab, Lawrence Berkeley da Oak Ridge. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da nata shirin na yuro miliyar 1 na shekara goma a 2018. A Janairun 2021 shugaba Emmanuel Macron ya sanar da shirin Faransa na yuro miliyar 1.8, abin da ya haura miliyar 1,180 na sefa. Birtaniya ta ware fam miliyar 2.5 na shekara goma a 2023, ta kuma buɗe cibiyarta ta ƙasa a Harwell a 2024. Sin kuwa ta tattara nata ƙoƙarin a birnin Hefei, a kewayen masanin fizik Pan Jianwei, wanda tawagarsa ta harba tauraron ɗan adam na sadarwar kwantum mai suna Micius a 2016.

Hannun soja a ciki ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 2024 ma'aikatar tsaron Faransa ta ƙaddamar da shirin PROQCIMA na kuɗin da zai iya kaiwa yuro miliyan 500, ta zaɓi ƙananan kamfanoni biyar na cikin gida: Alice & Bob, C12, Pasqal, Quandela da Quobly, da burin samun na'urorin gwaji biyu nan da 2032. A Amurka, hukumar binciken soja ta DARPA na gudanar da shirin tantance ko akwai kamfanin da zai iya ƙera kwamfutar kwantum mai amfanin da ya fi kuɗin da ta ci nan da 2033.

Wane ne gogagge a wannan fanni

Kalmar gogagge a nan ba ta nufin mai furfura. Tana nufin wanda ya gama doktora, ya ƙara shekaru a matsayin mai bincike na wucin gadi bayan doktoran, ya wallafa sakamako, kuma ya taɓa tafiyar da na'ura da hannunsa. A tsarin Faransa, lisans shekara uku ce, masta biyu, doktora uku. A Amurka doktoran fizik kan ci shekara biyar zuwa shida. Idan aka ƙara kwantiragi ɗaya ko biyu na bayan doktora, mai shekara biyu ko uku kowanne, wanda ya ci bak yana ɗan shekara 19 ba kasafai yake samun kujerar dindindin kafin ya haura 30 ba.

Aikin da ake nemansu dominsa ya fi kama da na maƙera fiye da yadda ake zato. Kubit abu ne mai saurin lalacewa: ɗan zafi, ɗan girgiza ko ɗan kutsen igiyar lantarki ya isa ya ɓata lissafi. Nau'in da Google da IBM ke amfani da shi sai an sanyaya shi zuwa kusan maki 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya, a cikin wani firji na musamman da ke aiki da iskar heliyom. Wani nau'in kuma ana kama ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya a cikin wuri marar iska, a sarrafa su da hasken leza. Saboda haka wanda ya ƙware a sanyaya na'ura, ko daidaita leza, ko ƙera ƙananan da'irori a ɗaki marar ƙura, ko auna siginar da ta yi rauni ƙwarai, yana da kasuwa ko da bai taɓa rubuta kalmar kwantum a kundin doktoransa ba.

Shi ya sa da yawa daga cikin ma'aikatan waɗannan cibiyoyi daga wasu fannoni suka ƙetaro. Fermilab, wadda aka sani da binciken ƙananan ƙwayoyin halitta, ta shigo ne da ƙwarewar da ta tara wajen ƙera kogunan ƙarfe masu wuce da lantarki ba tare da turjiya ba, waɗanda ta daɗe tana amfani da su a na'urorinta. A NIST, aikin kyautata agogon zarra ne ya kai David Wineland da Christopher Monroe ga gwajin da suka yi a 1995, wanda ya zama ɗaya daga cikin matakan farko na lissafin kwantum a aikace. Wineland ya samu Nobel a 2012.

Akwai kuma wani aiki da gwamnati ba za ta iya miƙa wa kowa ba: alƙalanci. Kamfanoni na fitar da sanarwar nasara kusan kowane wata, kuma hannun jarinsu na hawa da sauka a kan waɗannan sanarwoyi. Lokacin da Google ya ce a 2019 na'urarsa mai kubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000, IBM ya musanta, ya ce kwana biyu da rabi sun isa. Gwamnatin da za ta sayi na'ura ko ta ba da kwangila na buƙatar mutanenta da za su iya bambance gaskiya da talla. Wannan kujera ba ta sabon ɗalibi ba ce, sai wanda ya ga na'ura ta ƙi aiki sau da dama ya kuma san dalili.

Abin da gwamnati ke bayarwa da abin da ba ta iya bayarwa

A fagen albashi gwamnati ba ta iya ja da kamfani. A Amurka, albashin ma'aikacin tarayya na babban tsarin biyan kuɗi bai wuce dala 195,200 a shekara ba a 2025, komai ƙwarewarsa, alhali manyan kamfanonin fasaha na iya haɗa wa babban masani albashi da hannun jari da suka zarce haka nesa. A Faransa tazarar da ke tsakanin albashin mai bincike na gwamnati da na kamfani tsohon ƙorafi ne.

Abin da gwamnati ke da shi shi ne lokaci da kayan aiki. Mai bincike a CEA ko a cibiyar binciken kimiyya ta ƙasa, CNRS, zai iya bin tambaya ɗaya shekara goma ba tare da mai hannun jari ya tsaya masa a ka ba. Akwai kuma kayan da ke hannun gwamnati kusan ita kaɗai. Nau'in heliyom mai lamba 3 da firjin kubit ke buƙata, alal misali, mafi yawansa a Amurka daga ajiyar sinadarin makaman nukiliya yake fitowa.

Duk da haka hanyar fita a buɗe take, kuma ana bin ta. Monroe ya bar NIST ya koma jami'a, daga baya ya kafa kamfanin IonQ tare da abokin aikinsa a 2015. Maud Vinet ta yi shekaru a cibiyar CEA da ke Grenoble kafin ta fita ta jagoranci kamfanin da ake kira Quobly yanzu. Gwamnatocin ba sa kallon wannan a matsayin asara gaba ɗaya, domin su ne ke komawa su sayi na'urorin. Amma duk gogaggen da ya fita, ya bar gurbin da sai an yi shekaru kafin a cike, kuma shi ne dalilin da ya sa tallan neman manyan masana ba ya yankewa.

Tabbacin aikin gwamnati ma ya fara samun tsaga a Amurka. Shekarar 2025 ta zo da rage ma'aikata a hukumomin tarayya da shawarwarin zaftare kasafin bincike, sannan gwamnati ta rufe na kwana 43 daga 1 ga Oktoba saboda rikicin kasafi. Turai ta ga dama a cikin wannan hali: ranar 5 ga Mayun 2025, a jami'ar Sorbonne, shugabar hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen ta sanar da yuro miliyan 500 domin jawo masu bincike daga waje. Fannin kwantum dai na cikin ƴan ƙalilan da jam'iyyun Amurka biyu ba sa jayayya kan muhimmancinsu.

Inda fasfo ke shigowa

Kujerun gwamnati a wannan fanni hawa-hawa ne. A Amurka, aikin ma'aikacin tarayya kai tsaye a ƙa'ida na ɗan ƙasa ne. Ɗakunan gwaje-gwaje na ma'aikatar makamashi kuwa jami'o'i da kamfanoni ne ke tafiyar da su a madadin gwamnati, don haka suna ɗaukar baƙi, amma bayan bincike kan mutum da ƙasarsa. Duk aikin da ya shafi sirrin ƙasa, kamar wanda ake yi a wasu sassan Los Alamos da Sandia ko a ɗakin binciken hukumar leƙen asiri ta NSA da ke jihar Maryland, yana buƙatar takardar amincewar tsaro, ita kuma sai ɗan ƙasa.

A Faransa, jarrabawar shiga CNRS ba ta da sharaɗin zama ɗan ƙasa, kuma baƙi da yawa sun shiga ta nan. Amma ɗakunan bincike da dama masu alaƙa da fasahohi masu haɗari an sanya su cikin abin da ake kira yankin da aka taƙaita shiga, ZRR, inda ko ɗalibin doktora sai ma'aikatar da ke kula da wurin ta amince kafin ya taka ƙafa. Ana iya ƙin amincewa ba tare da an bayyana dalili ba. Birtaniya na da nata tsarin, ATAS, da ke tilasta wa ɗalibai da masu bincike daga ƙasashe da yawa neman izini kafin su fara aiki a irin waɗannan fannoni.

A 2024 aka ƙara ɗaure igiyar. Faransa, Birtaniya da wasu ƙasashe sun sanya kwamfutocin kwantum masu wani matakin ƙarfi cikin kayan da ba a fitarwa sai da lasisi, Amurka ta bi sahu a watan Satumba. A dokar Amurka, nuna wa baƙo wata fasaha da aka taƙaita, ko da a cikin ƙasar ne, ana iya lissafa shi a matsayin fitar da ita zuwa ƙasarsa. Shugaban ɗakin bincike da ke da mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya, ɗaya ɗan ƙasa ɗaya baƙo, ya san wanda zai fi saukin takardu.

Ga ƴan Nijar akwai ƙarin nauyi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, dangantaka da Faransa ta lalace, aka dakatar da ba da biza daga Yamai, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe. A watan Disamban 2025 Amurka ta saka Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, da ƴan keɓance-keɓance kaɗan. Ƙasashen biyu kuwa na cikin waɗanda suka fi yawan kujerun gwamnati a fannin kwantum. Wanda ya riga ya samu takardar zama ɗan ƙasa a can, lissafinsa daban. Wanda ke Yamai ko Maraɗi yana shirin fita, hanyar ta ƙara tsawo.

Ƙofofin da ba a rufe ba

Ba dukan fannin ne ke bayan katanga ba. Tun watan Mayun 2016 IBM ya sanya wata ƙaramar kwamfutar kwantum a intanet domin kowa ya gwada, kuma manhajarsa ta Qiskit kyauta ce. Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo da ke da intanet zai iya rubuta lissafi ya aika wa na'urar gaske. Wannan ba ya maye gurbin shekarun da ake yi a gaban firji da leza, amma ya isa a koyi ɓangaren lissafi da manhaja.

Akwai kuma matakalar da ba ta bi ta Washinton ko Paris. Cibiyar fizik ta ƙasa da ƙasa da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin difloma na shekara ɗaya domin ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Cibiyoyin lissafi na AIMS na nan a Senegal, Ghana, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu. A 2019 jami'ar Wits ta Johannesburg ta zama ta farko a Afirka da ta shiga ƙawancen kwantum na IBM, kuma Afirka ta Kudu na da shirin kwantum na ƙasa. Ghana ce ma ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin da ya sa aka ayyana 2025 shekarar kimiyya da fasahar kwantum.

Aikin da ya fi kusa da gida kuwa ba ƙera na'urar ba ne, kare kai daga gare ta ne. A watan Agustan 2024 NIST ta fitar da sababbin ma'aunan kulle bayanai guda uku da aka tsara domin su jure wa kwamfutar kwantum. An wallafa su a fili, kowa na iya karantawa, kuma a kan kwamfutar yau ake amfani da su. Hukumar ta ba da shawarar a daina amfani da tsoffin makullai irin su RSA nan da 2035. Bankunan yankin sefa, kamfanonin tura kuɗi ta waya da ma'aikatun gwamnatocin Sahel duk a kan tsoffin makullan suke tafiya, kuma sauya su na buƙatar mutanen da suka fahimci abin da ake gudu da abin da ake komawa. Wannan aiki ne na masana lissafi, injiniyoyin kwamfuta da masana fizik, kuma babu mai tambayar su takardar amincewar tsaron wata ƙasa.

Nijar ta taɓa ganin yadda gogaggen masanin fizik ke aiki a ƙarƙashin gwamnati. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatunsa mai zurfi a Faransa, ya dawo ya jagoranci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ONERSOL, shekaru da dama kafin duniya ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai na ɗauke da sunansa. Abin da ya sa aikinsa ya yiwu shi ne gwamnati ta ba shi ofishi, ma'aikata da lokaci, irin abin da Saclay ta bai wa Devoret, NIST ta bai wa Martinis. Babu mai tsammanin Nijar ta ƙera kwamfutar kwantum. Amma kafin 2035 za ta buƙaci mutanen da za su duba makullan bankunanta da na ma'aikatunta, kuma ko dai ta tanadi kujerar da za ta dawo da nata masanan daga waje, ko ta biya baƙi su yi mata.